Jar Fitila A Motar Haibirid: Saƙon Da Ake Gogewa Ba A Karanta Ba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mai mota a Najeriya ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban haya duk sun koma ga tambaya guda kafin su sayi mota: yaya shan manta? Tambayar nan ce ta sa ake waiwayar motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da babban batir, irin su Prius da Camry da Highlander na Toyota da Lexus RX, waɗanda a da mutane ke gudu saboda tsoron gyara.

Tsoron kuwa yana da dalili. Ranar da jar alama mai kusurwa uku ta bayyana a gaban direba, ko allon mota ya rubuta Check Hybrid System, ranar ce ake sanin ko garin yana da masu gyaran irin wannan mota. Duk mai zuwa gareji ya san yadda abin yakan kasance. A jona sikana, a danna goge, fitila ta mutu, a karɓi kuɗin kwamfuta. In ta dawo bayan kwana biyu, a ce sensa ce, a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata. In ta sake dawowa, a ce batir ya mutu, a yanka wa mai mota kuɗin da zai sa ya yi da-na-sanin sayenta. Duk tsawon wannan zirga-zirga, sau da yawa ba wanda ya tsaya ya karanta abin da motar ta rubuta game da ciwonta.

Motar da kunne ba ya gane ciwonta

Toyota ta fito da Prius a Japan a Disamba 1997, ta isa Amurka da Turai a 2000. Waɗanda aka fi gani a titunanmu su ne ƙirar 2004 zuwa 2009, da ta 2010 zuwa 2015, sai Camry daga 2007. Duk tsarinsu iri ɗaya ne. Akwai injin fetur, akwai injinan lantarki biyu a cikin giya. Ƙaramin shi ke tayar da injin fetur, shi ke kuma samar da caji. Babban shi ke tura ƙafafu, in an taka birki kuma ya koma janareto yana mayar da wuta cikin batir. Motar ba ta da kik, ba ta da altaneta.

Babban batirin Prius na waɗannan shekaru jerin ƙananan batura 28 ne, kowanne volt 7.2, jimilla volt 201.6. Na Camry guda 34 ne, volt 244.8. Inbata, wato akwatin nan mai ruwan azurfa da ke gefen inji, tana ɗaga wutar zuwa volt 500 a tsohuwar Prius, zuwa 650 a ta 2010. Kwamfutoci da yawa ne ke raba aikin: ta inji, ta batir, ta birki, da babbar da ke yanke hukunci ko injin fetur ya tashi ko ya huta. Dukkansu suna dogara ne ga sensa, ƙananan na'urorin da ke auna zafi da gudu da yawan iska da ƙarfin wuta.

Tsohon makaniki ya saba da kunne da hanci. Daga jin silo ya san fulogi ne ko kafireto. Wannan ƙwarewa ta gaske ce, ta kuma ciyar da gidaje shekara da shekaru. Amma a haibirid injin yana mutuwa da kansa a danja, ya tashi da kansa, kuma hakan lafiya ce. Batir da ya fara rauni ba ya ƙara. Inbata da ta ɗauki zafi ba ta wari sai ta riga ta ƙone. Hanya ɗaya da motar ke da ita ta sanar da mai ita cewa akwai matsala ita ce fitilar nan da lambar da ke bayanta.

Abin da launi ke nufi

Koriyar kalmar READY tana nufin babban batir ya haɗu da mota, ta shirya tafiya ko da ba a jin ƙarar inji. Fitila mai ruwan ɗorawa, kamar mai siffar inji, gargaɗi ne a duba motar cikin 'yan kwanaki. In tana ƙyaftawa, fetur ne ke wucewa salansa bai ƙone ba, kuma ci gaba da gudu a haka yana lalata matatar hayaƙi. Ja kuwa umarni ne a tsaya. Jar alama mai kusurwa uku ba ta nuna ciwo guda. Ƙararrawa ce ta gaba ɗaya, tana iya kamawa saboda baƙin mai ya yi ƙasa, tana iya kamawa saboda inbata na gab da ƙonewa.

Direban da ya ga ja ya rage gudu, ya nemi wuri mai aminci kafin ya kashe motar, domin wasu matsalolin suna barin mota ta ci gaba da tafiya amma da zarar an kashe ba za ta sake komawa READY ba. Ya ɗauki hoton dashbod da wayarsa, ya riƙe abin da ya faru: kan hawa ne, cikin cunkoso ne, bayan shan mai ne, ko bayan an wanke inji. Wannan labari yana taƙaita wa makaniki rabin bincike.

Dabaru biyu da muka saba da su ba sa aiki a nan. Turi ba ya tayar da haibirid. Jan ta da igiya ƙafafun gaba na ƙasa kuwa haɗari ne, domin babban injin lantarki yana haɗe da ƙafafun, juyawarsu tana haifar da wutar da ba ta da wurin zuwa. Ɗaukarta ake yi a bayan motar ɗauko motoci, ko a ɗage gabanta.

Lamba mafarin bincike ce

Daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona sikana. Lambar da ta fara da P ta shafi inji da giya da tsarin haibirid, C birki da ƙafafu, B jikin mota, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutoci. Ƙaramar sikana mai araha takan shiga kwamfutar inji kawai. Shi ya sa mutum zai ga ja a dashbod, sikana kuma ta ce babu komai. Sai manhajar Toyota mai suna Techstream, ko babbar sikana da ke iya shiga kwamfutar batir da ta birki, za su fito da labarin.

Tare da lambar, kwamfuta tana ajiye bayanin daƙiƙar da matsalar ta faru: gudun mota, zafin inji, zafin batir, ƙarfin wutar kowane sashe nasa. Wannan bayani ya fi lambar kanta daraja, kuma shi ke fara tafiya idan an danna goge. Makanikin da ya goge kafin ya rubuta ya zubar da shaidar da zai yi aiki da ita, sai kuma a jira matsalar ta sake aukuwa, wataƙila a tsakiyar hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Lambar P0AA6 misali ce mai kyau. Ma'anarta babbar wuta ta fara zurarewa zuwa jikin mota. Da yawa daga jin haka sai su ce batir. Amma Toyota tana haɗa ta da ƙaramar lamba mai nuna unguwar da ciwon yake: 611 na nufin wajen kwamfiresan AC, 612 wajen batir, 613 cikin giya, 614 ɓangaren inbata da manyan wayoyi. Kwamfiresan AC na Prius tun daga 2004 da babbar wuta yake aiki, kuma mansa na musamman ne, ND-OIL 11, wanda ba ya ɗaukar wuta. Mai gyaran AC da ya zuba man da ake zuba wa sauran motoci yana iya jawo wannan lamba. Mai mota ya je ƙarin gas, bayan ɗan lokaci a ce masa ya sayi batir, alhali batirinsa lafiya lau.

Laifin da ake ɗora wa sensa

Sensa 'yar aike ce. In ta kawo labarin gobara, sallamarta daga aiki ba ya kashe wutar. Duk lokacin da lamba ta ambaci sensa, abu uku ne ke iya faruwa. Ko dai gaskiya ta faɗa, abin da take aunawa ne ya lalace. Ko wayar da ke tsakaninta da kwamfuta ta sami matsala, ɓera ya ci, soket ya yi tsatsa, ko ruwan wankin inji ya shiga. Ko kuma ita ɗin ce ta mutu. Na ukun ne kawai ke buƙatar sayen sabuwa, amma shi aka fi gudu a kai saboda shi ya fi sauƙin faɗa.

Rarrabe su ba ya buƙatar sihiri. A motocin Toyota, idan sikana ta nuna zafin ruwan inji 40 ƙasa da sifili a Kano, waya ce ta tsinke ko soket ya fita. Idan ta nuna 140, wayoyi ne suka haɗu. Motar da ta kwana ba a tayar ba, duk sensar zafin da ke jikinta, ta ruwa da ta iska da ta batir, ya kamata su nuna kusan abu ɗaya da safe, wadda ta ware ita ce abar zargi. Mita ta awon wuta da takardar taswirar wayoyi suna ƙarasa sauran aikin.

Lambar P0171 tana cewa iska ta fi fetur yawa. An saba canza sensar salansa a kanta, alhali ita ce ta gano matsalar. Asalin ciwon yakan zama tiyo da ya tsage yana shan iska, ko famfon mai da ya raunana, ko nozul da suka toshe, ko kuma ƙura da ta lulluɓe siririyar wayar sensar iska da ke bayan iyakilina. Wannan ta ƙarshe da feshinta na musamman ake wanke ta, ba a taɓa ta da yatsa ko tsumma ko fetur.

P0420 kuwa tana magana ne a kan matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinum da faladiyam da rodiyam, abin da ya sa ɓarayi a Ingila da Amurka suka matsa wa ta Prius. A nan ma ana fasa ta a sayar, wani lokaci tun kafin mota ta iso hannun mai ita. Motar da aka cire wa indomi, ko sensa goma aka canza mata lambar za ta dawo.

Idan ta tabbata sensar ce ta mutu, sai a kula da abin da za a saya. Sensar gaba da ta bayan indomi sun yi kama a ido, amma aikinsu da siginarsu daban ne, ba a musanya su. Kasuwa kuma cike take da jabu a kwali mai sunan Denso. Da lambar da ke jikin tsohuwar ake sayen sabuwa. Araha ba ta ado, balle a abin da kwamfuta ke dogara da shi wajen auna fetur.

Ƙaramin batir mai babban rikici

Kafin a zargi komai, ƙaramin batir mai volt 12 ake fara aunawa. A Prius ta 2004 zuwa 2015 yana cikin but, inda ido ba ya yawan kai wa. Ba ya juya inji, don haka ba ya ba da alamar da direbobi suka saba da ita ta kik mai nauyi. Aikinsa tayar da kwamfutoci da rufe makunnan da ke haɗa babban batir da mota. In ya yi rauni, kwamfutoci suna farkawa da wutar da ba ta ishe su ba, sai fitilu su kama barkatai, na birki da na ABS da jar alamar, da lambobin sadarwa masu farawa da U. Mota ta zama kamar komai nata ya lalace, maganin kuma batir ɗaya ne da goge kan tasha.

Wajen jona mata wuta daga wata mota ma akwai hattara. Juya waya, jan a wurin baƙi, na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona babban fiyus ko sashen inbata da ke cajin ƙaramin batir.

Ƙura da zafi, abokan gaban babban batir

Lambar da kowa ke tsoro ita ce P0A80, mai cewa a canza babban batir. Kwamfutar Prius tana lura da batirin kashi 14, bibbiyu, kuma lambar tana fitowa idan wani kashi ya bambanta da 'yan uwansa. A sikana ana ganinsa ƙarara: in an taka totur wutarsa ta riga ta kowa faɗuwa, in ana caji ta riga ta kowa tashi. Amma kafin a yanke hukunci sai an buɗe an duba ƙananan farantan tagulla da ke haɗa baturan, da siraran wayoyin da ke kai awon ga kwamfuta. Tsatsa mai launin kore a kansu tana iya ba da awon ƙarya.

Batirin da iskar cikin mota yake shan sanyi. Wata fanka ce ke zuƙo iskar ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya ko bayanta, ta hura ta tsakanin baturan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta haɗu da zaren tufafi ta daskare a fukafukan fankar. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin motar da aka ajiye a rana kuma ya fi haka nesa. Batirin da ke aiki cikin wannan yanayi da toshasshiyar fanka yana tsufa da wuri. Rigar kujera ko jaka ko buhu da aka jingina a bakin tagar suna yin irin wannan ɓarna. Wanke fankar sau ɗaya a shekara bayan hunturu aiki ne ƙarami, kuma yana cikin mafi amfanin abin da mai haibirid zai yi wa motarsa. Kashe AC don tsimin mai a tsakiyar bazara shi ma yana da farashi, domin sanyin da fasinja ke sha shi batir ke sha.

Wasu halayen tuƙi suna ƙara wa batir wahala. A giyar N motar ba ta caji, don haka mai tsayawa a N cikin cunkoso da AC a kunne yana tatse batirinsa. P ce wurin tsayawa. Barin mai ya ƙare ya fi wannan muni. Injin ya kasa tashi, lambar P0A0F ko P3190 ta fito, direba ya yi ta gwadawa, kowane gwaji kuma daga babban batir yake ci. In ya ƙare, sai da caja ta musamman ake farfaɗo da shi. Gurɓataccen mai ma yana kai wa ga haka. A Fabrairu 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar, wanda kuma ke saye a galan a bakin titi kullum yana cikin irin wannan kasada.

In batirin ya gaza da gaske, canza guda ɗaya ko biyu daga cikin 28 ɗin yana kashe fitila, amma sau da yawa na ɗan lokaci ne, domin sauran ma shekarunsu ɗaya. Gyara mai ɗorewa yana buƙatar a auna ƙarfin kowanne, a haɗa masu kama da juna, a daidaita cajinsu. Haƙƙin mai mota ne a gaya masa wanne daga cikin biyun ake sayar masa.

Inbata da ruwanta

Haibirid tana da hanyar ruwan sanyaya biyu, ta inji da ta inbata, kowace da tankinta. Wani ƙaramin famfon lantarki ne ke zagaya da ruwan inbata. In ya mutu, motar takan yi lafiya a gajeriyar tafiya, sai an hau doguwar hanya cikin rana ja ta kama da lambar P0A93. Gwajin farko da ido ake yi: mota tana READY, a leƙa tankin inbata, in ruwan ba ya motsi famfon ya tsaya. Famfon ba shi da tsada idan aka kwatanta da inbatar da yake karewa. Ruwan da ake zubawa kuma shi ne mai ruwan hoda na kamfani. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri da tsatsa a siraran hanyoyin da ke cikinta.

Kamfanin da kansa ya sha komawa kan wannan sashe. A ƙarshen 2010 Toyota ta sanar da canza wannan famfo a Prius kimanin 650,000 ƙirar 2004 zuwa 2007. A Fabrairu 2014 ta kira Prius miliyan 1.9 don sabunta manhajar da ke kula da inbata, a Oktoba 2018 kuma ta sake kiran motocin haibirid kimanin miliyan 2.4 saboda suna iya mutuwa ana cikin tafiya maimakon su koma tafiyar lallaɓawa. Motar da ta biyo ta Kwatano ko Legas ba lallai ne ta sami waɗannan gyare-gyare kafin ta baro ƙasarta ba. Mai 'yar Amurka yana iya sa lambar jikin motarsa mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin Toyota ko na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ya ga abin da ya rage ba a yi ba.

A ɓangaren ruwan inji kuwa, al'adar cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi, tana cutar haibirid fiye da kowace mota. Kwamfuta ba ta barin inji ya huta yadda ya kamata sai ya kai zafin aikinsa. In babu tamostat yana daɗewa bai kai ba, sai ya yi ta aiki yana shan man da aka sayi motar don a tsimi, lambar P0128 kuma tana iya fitowa. A Prius ta 2010 zuwa 2015 akwai kuma hanyar da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, wadda baƙin gawayi ke toshewa. Lambarta P0401, alamarta girgiza da safe, kuma sakaci da ita yana cikin abubuwan da masu gyara ke dangantawa da ƙonewar gaskit.

Birki ba wurin gwaji ba ne

A haibirid, taka birki saƙo ne ga kwamfuta. Sensa tana auna yadda aka taka, kwamfuta ta raba aikin tsakanin injin lantarki da birkin ƙafafu. Wani famfo yana tara matsin man birki a cikin tulunsa, shi ne ƙarar da ake ji idan an buɗe ƙofar direba. In ƙarar ta koma kowane 'yan daƙiƙoƙi, tulun ya fara yoyo ta ciki, kuma lambar C1256 ko C1391 na tafe tare da fitilun birki da ABS da VSC. Wani lokaci kuma fitilun nan suna kamawa ne kawai saboda laka ta rufe sensar gudun ƙafa, ko an ja wayarta wajen canza boris. Sikana ce ke raba tsakanin gyaran minti ashirin da gyaran da rai ya rataya a kansa. Fitar da iska daga birkin nan da sikana ake yi, bayan canza babban sashensa kuma sai an sake saita kwamfutar. Wanda ya goge fitilar birki ya sallami mota ya ɗauki alhakin duk wanda ke cikinta.

Kafin a biya kuɗin mota

A kasuwar motoci ma ana goge fitila, wani lokaci har a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin tef ta ciki. Mai saye ya danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da taka birki ba. Fitilun gargaɗi za su kama don gwajin kansu, in ta inji ko ta ABS ba ta fito ba, an taɓa ta. Sikana kuma tana nuna ko kwamfuta ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta cikin tafiya. In akasarinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge lambobi ko aka cire batir. A yi doguwar tafiyar gwaji da sikana a jone ana kallon kashi 14 ɗin nan na babban batir. A ɗaga kafet da wurin safaya a nemi busasshiyar laka da tsatsa, domin cikin motocin gwanjon Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kuma ruwan da ya shiga soket yana ɗaukar watanni kafin ya nuna kansa.

Waya mai ruwan lemo

Duk waya mai ruwan lemo a jikin haibirid tana ɗauke da wutar da ke kisa. Ƙa'idar aiki a kanta a bayyane take: a kashe mota, a nisanta makulli, a cire waya daga ƙaramin batir, a sa safar hannu ta roba mai jure volt 1,000, a zare filogin tsaro da ke jikin babban batir a sa shi a aljihu, a jira minti goma wutar da ke cikin inbata ta sauka, sannan a auna da mita kafin hannu ya taɓa. Ko bayan haka cikin batirin da kansa yana nan da wutarsa. Motar da ke READY kuma tana iya tayar da inji ba sanarwa, ko da an juye baƙin mai, ko da hannun wani na ciki.

Wannan ya fi shafar yaran gareji, masu shiga ƙarƙashin mota da silifas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, waɗanda iyayensu suka damƙa wa maigida amana. Ba daidai ba ne a tura yaro kwance batirin haibirid da ilimin batirin volt 12.

Abin da ya rage a yi

Makanikan da suka koyi injin nozul bayan kafireto, suka koyi giyar otomatik bayan ta hannu, za su iya wannan ma idan an ba su hanya. Ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, da kwalejojin fasaha na jihohi, su ne ke da damar shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa, a kan karanta bayanin sikana da taswirar wayoyi da ƙa'idar babbar wuta. Gareji uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi sikana ta gaske da safar hannu da mita.

Masu motoci ma da nasu rabon. Matuƙar ana biyan makaniki ne don fitila ta mutu, zai kashe fitila. Matuƙar ana ganin awa biyu da ya yi yana bin waya da mita ba aiki ba ne tunda bai canza komai ba, zai canza wani abu ko da lafiyarsa ƙalau. Bincike aiki ne, a biya shi da daraja. Mai mota kuma ya nemi abu uku kafin a taɓa motarsa: a rubuta masa lambar da ƙaramar lambarta, a ɗauki hoton bayanin da kwamfuta ta ajiye, a nuna masa awon da ya tabbatar cewa abin da za a canza shi ne ya lalace. Makanikin kirki ba zai ƙi ko ɗaya daga ciki ba, kuma garejin da ya saba yin haka shi masu haibirid za su riƙa yi wa juna kwatance.